Shin Ko Kun San? Injinan da Ke Mayar da Gungumen Itace Ƙullun Takarda

Shin ko kun san cewa takardar da kuke rubutu a kanta tarin zaruruwa ce kawai da suka rungumi juna? Ku yaga gefen tsohuwar jarida ku ɗaga ta a haske. Kun ga ɗan gashi-gashin da ya fito a bakin yagar? To, shi ke nan takardar! Tsawon kowane sili bai wuce milimita 1 zuwa 3 ba. Kuma ba gam ne ya riƙe su ba. Da ruwa ya bushe a tsakaninsu, da kansu suke kama juna gam-gam.

Ga wani abin. A giram ɗaya tak na ƙullun itacen turare akwai sili kusan miliyan 20. Fallen takarda guda, irin wadda ake hoton takardu da ita, nauyinsa giram 5 ne. Ku yi lissafin da kanku.

To duk hayaniyar masana'antar ƙullun takarda aiki ɗaya take yi: raba sili da ɗan'uwansa. A jikin itace, wani danƙo mai suna liginin ne ya manne su, kuma shi ne kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na itacen. Hanya biyu ce ta shawo kansa. Ko dai a niƙe itacen da ƙarfin tsiya, ko a dafa shi har danƙon ya narke. Saboda ɗan silin da ido ke gani da kyar aka ƙera injinan da suka fi benaye tsawo. Ku biyo ni ku sha mamaki.

Da turmi aka fara! A shekara ta 105, wani bafaden sarkin Sin mai suna Cai Lun ya gabatar da takardar da aka yi da ɓawon itace, da tsummokara, da tsofaffin komar kamun kifi. Jiƙawa ake yi, a yi ta daka har su zama ƙullu. Daga Sin sana'ar ta isa Samarƙand, daga nan Bagadaza, inda aka kafa masana'antar takarda wajen shekara ta 794, zamanin Haruna Rashid. Kasuwar masu takarda da littattafai ta birnin sai da ta tara shaguna fiye da ɗari.

Mutanen garin Fabriano na Italiya kuwa, tun ƙarni na 13, kogi suka ɗora wa wahalar dakan. Ruwa na juya wata ƙatuwar ƙafa, ita kuma tana ɗaga jerin guduma na itace masu ƙusoshi a baki, suna faɗowa cikin turame, dare da rana. Su ne kuma suka ƙirƙiro alamar nan da ba a ganinta sai an ɗaga takarda a haske.

Kun san wannan alama ta zo har ƙasar Hausa? Tsofaffin littattafan malamanmu da yawa, na Kano da Katsina da Sakkwato, a kan takarda mai alamar jinjirin wata uku aka rubuta su. A arewacin Italiya ake yin ta, da ƙullun tsumma, ta ƙetaro teku, raƙuma su ratso Sahara da ita. Heinrich Barth ya gan ta a kasuwar Kano a 1851. In akwai irin littattafan a gidanku, ku ɗaga falle ɗaya a rana ku duba!

Mutanen Holan ba su da koguna masu gangara da za su ɗaga musu guduma. Iska suke da ita. Sai wajen 1680 suka ƙera wata kwatarniya doguwa mai katanga a tsakiya, da wani gangan ƙarfe mai wuƙaƙe da ke juyawa a kan wasu wuƙaƙen. Tsumma da ruwa su yi ta zagaye suna ratsa tsakaninsu. Aikin da guduma ke kwana tana yi, shi cikin 'yan sa'o'i ya gama. Har gobe ana kiran injin da sunan Holan. Kuma ku ji: a ƙauyen Westzaan akwai wata masana'anta mai aiki da iska da aka gina a 1692, har yanzu tana yin takarda!

Amma fa duk da tsumma ake yi. Kuma tsumma ya yi tsada. Masu karatu na ƙaruwa, jaridu na ƙaruwa, tsofaffin riguna ba sa isa. Ƙasashen Turai da dama har dokar hana fitar da tsumma waje suka kafa. Tsumma fa!

Wa ya nuna mafita? Rina! A 1719 wani masanin ƙwari na Faransa, Réaumur, ya shaida wa majalisar masana kimiyya ta ƙasarsa cewa rina na kankaro itace da baki, ta tauna shi da miyau, ta gina gidanta da takarda ta gaske. Ya ce mutum ma zai iya. Bai gwada ba. Wani limamin coci a Regensburg ta Jamus, Jacob Christian Schäffer, shi ya ɗauki abin da zafi daga 1765: ya yi takarda da gidan rina, da gansakuka, da ƙaiƙayin zarto, har da karan kabeji. A 1800 kuma Matthias Koops ya buga littafi a Landan a kan takardar da aka yi da karan hatsi. Kamfaninsa bai daɗe ba ya karye.

Sai da aka haura shekara 120 bayan maganar rina kafin inji ya samu. Friedrich Gottlob Keller, wani masaƙi a yankin Saksoni na Jamus, ya danna guntun itace a jikin jiƙaƙƙen dutsen wasa wuƙa mai juyawa, a 1844. Ruwan da ke zuba ya fito fari-fari kamar madara. Da ya bushe, sai ga takarda. A shekarar nan dai, can a Nova Scotia ta Kanada, wani matashi Charles Fenerty ya aika wa wata jaridar Halifax samfurin takardar itace da ya yi. Ba su san juna ba, teku ne a tsakaninsu!

Keller bai ci moriyar abinsa ba. Ya sayar wa Heinrich Voelter da fasahar, daga baya ko kuɗin sabunta rajistarta ya kasa biya. Voelter da wani maƙeri, Johann Matthäus Voith na garin Heidenheim, su suka gyara injin suka baza shi a duniya. Kamfanin Voith na nan har yau, yana cikin manyan masu ƙera injinan takarda. Shi kuwa Keller ya rasu a 1895, ba shi da wani abin kirki. Wani da aiki, wani da cin riba.

Yanzu ku zo mu shiga masana'antar zamani ta ƙofar gumagumai.

Injin farko ko wuƙa ba shi da ita. Wani ƙaton gangan ƙarfe ne a kwance, faɗinsa ya kai mita 5, tsawonsa kan haura mita 30. A tura gumagumai ta wannan baki, ganga na juyawa a hankali, su yi ta gogar juna suna karo, ɓawo na zubewa ta tsagogin jikinsa. Su fito ta ɗaya bakin tsirara. Itace ne ke feɗe ɗan'uwansa! Ɓawon kuma ba a zubarwa, makamashi ne.

Na biyu shi ne mai ban tsoro. Faifan ƙarfe ne mai nauyin tan da yawa, faɗinsa mita 3 ko fiye, an jera masa wuƙaƙe. Gungumen da ƙarti huɗu ba za su ɗaga ba, cikin 'yan daƙiƙoƙi ya zama sassaƙe. Kuma ba sassaƙen gangan ba: tsawo wajen santimita 2 zuwa 3, kauri milimita 4 ko kusa da haka. Wanda ya yi kauri ba zai dahu har ciki ba, wanda ya yi ƙanƙanta zai dahu ya lalace. Saboda haka sai an tankaɗe su a rariyar ƙarfe.

Daga nan hanya ta rabu.

Masu niƙa yanzu ba su cika amfani da dutse ba. Faifai biyu na ƙarfe masu zane-zanen haƙora ake fuskantar da juna. Faɗinsu ya kusa mita 2. Ɗaya na juyawa sau 1,500 zuwa 1,800 a minti ɗaya. Tazarar da ke tsakaninsu? Ba ta kai milimita ɗaya ba! A turara sassaƙe da tururi, a cusa shi ta tsakiya, ya fito ta gefe a tsefe. Wani Baswidane, Arne Asplund, shi ya yi rajistar asalin wannan dabara a 1931.

Amma kai, akwai cin wuta! Tan ɗaya na irin wannan ƙullu na lashe kilowat-awa 2,000 ko fiye. Wutar da za ta kunna ƙwan lantarki mai wat 100 fiye da shekara biyu ba a kashe ba. Tan ɗaya kacal. Injin juya faifan guda ɗaya kan kai megawat 20 zuwa 30.

Ribar niƙa ita ce ba a asara. A zuba itace kilo 100, a kwashi ƙullu sama da kilo 90. Sai dai danƙon nan na liginin yana nan a ciki, kuma ba ya shiri da hasken rana. Shi ya sa jaridar da aka bari a taga take yin ja-ja cikin kwana kaɗan. Ashe ba ƙura ba ce!

Masu dafawa kuwa, kusan rabin itacen suke narkarwa. Kilo 100 ya shiga, wajen kilo 45 zuwa 50 ya fito. Amma silin da ya fito lafiyayye ne, bai karye ba, ga ƙarfi. Da shi ake buhun siminti da kwalin da ke ɗaukar kaya masu nauyi. Hugh Burgess da Charles Watt suka fara dafa itace da soda a Ingila a 1851, soda irin wadda masu sabulu suka sani. Carl Dahl ya sauya haɗin a birnin Danzig a 1879, ya shigo da sinadarin farar wuta. Hanyarsa, wadda ake kira kraft, ita ke mulkin duniya yau.

To ina tukunyar? Ku ɗaga kai sama. A tsaye take, tsawonta mita 60 zuwa 70, wato bene mai hawa ashirin. Sassaƙe na shiga ta ƙoƙoluwa, ya yi ta gangarowa a hankali na tsawon sa'o'i cikin ruwan soda mai zafin digiri 150 zuwa 170, ya fita ta gindi a dafe. Ba a sauke ta. Ba a buɗe ta. Wata da watanni tana ci tana fitarwa, sai lokacin gyaran shekara. Injiniya Johan Richter, ɗan ƙasar Norwe, shi ya shafe shekaru yana fama da tambaya ɗaya: yaya za a zuba itace cikin tukunyar da ke cike da matsin tururi ba tare da ta yi aman abin da ke cikinta ba? Ta farko da aka sayar ta fara aiki a Fengersfors ta Suwidin a 1950.

Kun san sassaƙen da ya dahu yana nan da siffarsa, sai dai ya yi laushi? Da an sake shi daga matsi zuwa sarari, ruwan da ke cikinsa ya fashe ya zama tururi, sai ya tarwatse sili-sili. Fashewa ce ke ƙarasa aikin.

Af, kafin in manta. A 1924 William Mason, wanda ya taɓa aiki da Thomas Edison, yana harba sassaƙe daga wata bindigar tururi a garin Laurel na jihar Mississippi. Ana ba da labarin cewa ya bar ƙullun a cikin injin matsa mai yoyon tururi ya tafi cin abinci. Da ya dawo sai ya tarar da allo mai tauri. Falankin nan mai santsi a fuska ɗaya da kafintoci ke rufe bayan kabad da shi, asalinsa ke nan.

Yanzu ga wanda ni a wurina ya fi duka. Ina rabin itacen da ya narke ya tafi? Ya zama wani baƙin ruwa mai wari. Kowane tan na ƙullu na barin wajen tan 7 na wannan ruwa. A zamanin da, kogi ake juye wa mafi yawansa, kifi su taso matattu. Yau fa? Ƙona shi ake yi. Ee, ruwa ake ƙonawa!

Ga yadda abin yake. A bi da shi ta jerin tukwanen ƙafewa har ya yi kauri, daskararren abin da ke cikinsa ya tashi daga kashi 15 zuwa kashi 70 ko 80 cikin ɗari. Sai a fesa shi cikin wata tanderu mai zafin da ya haura digiri 1,000. Danƙon itacen ya ci wuta, ya tafasa ruwa, tururi ya juya injin lantarki. Sinadaran dahuwa kuwa ba sa ƙonewa. Narkewa suke yi su kwaranyo ta ƙasa jajur, a zafin digiri 800 da wani abu. G. H. Tomlinson na Kanada ne ya fito da wannan tanderu a farkon shekarun 1930.

Kuma ku ji wani ikon Allah: tanderun ba a ƙasa take zaune ba. A rataye take! Dubban tan na ƙarfe, a rataye daga rufin ginin da kan kai mita 80, domin idan ta ɗau zafi ta miƙe, ta sami wurin miƙewa ƙasa. Abin da ma'aikatanta suka fi tsoro shi ne ɗigon ruwa. In bututu ya huje ruwa ya taɓa narkakken sinadarin nan, fashewar na iya tsaga tanderun.

Sannan wasan launuka. Narkakken sinadari ya shiga ruwa, ya zama kore. A zuba masa ƙonanniyar farar ƙasa, ya koma fari. Farin ruwan nan shi ne na dahuwa. Ya shiga tukunya, ya fito baƙi. Fari, baƙi, kore, fari kuma! Sama da kashi 95 cikin ɗari na sinadaran suna dawowa. Ita ma farar ƙasar sake gasa ta ake yi a wani bututu mai juyawa da ya haura mita 100 a tsawo.

Sakamakon? Masana'antar Äänekoski ta Finlan, wadda ta fara aiki a 2017, tana samar da lantarki ninki biyu da kusan rabi na abin da take ci. Rarar sayarwa take yi. Masana'antar ƙullu ce, amma tashar wuta ce a fakaice.

Wari kuwa, sai wanda ya je. Kamar ruɓaɓɓen ƙwai da dafaffen kabeji. Laifin farar wuta ne, kuma hancin ɗan Adam na jin irin iskar ko da 'yan ƙwayoyi ne cikin biliyan. Amma daga wannan dangin sharar ake samun man tsarma fenti, da wani mai da ake sabulu da tawada da shi. A garin Sarpsborg na Norwe ma, kamfanin Borregaard na fitar da ƙamshin banila daga liginin. Wanda ake sa wa kek da askirim! Mai yiwuwa kun taɓa lasar itacen Norwe ba ku sani ba.

Ƙullun da ya fito daga tukunya ruwan ƙasa ne, launin kwali. Fari sai an wanke shi hawa-hawa a dogayen hasumiyoyi, da iskar oksijin da wasu sinadarai. A da kulorin tsantsa ake zubawa, har aka gano tana barin guba a koguna, aka yi ta janye jiki daga gare ta tun shekarun 1990.

A cikin layukan yin ƙullu, wane ne babban yaya? A garin Ribas do Rio Pardo na Brazil, kamfanin Suzano ya kunna wani layi guda a 2024 mai fitar da tan miliyan 2.55 a shekara. Kusan tan 7,000 kowace rana! Itacen turaren da yake ci kuwa, shekara 6 zuwa 7 ya isa sara. A Finlan da Suwidin sai itace ya shekara 60 zuwa 80, wani ma fiye. Wanda ya dasa ba lalle ya ga sara ba.

Tsohuwar takarda ma da nata injin. Wani ƙaton baho ne mai farfela a gindi, tamkar bilandar markaɗen tumatir da aka kumbura har ta iya haɗiye mota. A zuba kwalaye da ruwa, ya dama su. To wayoyin ɗauri da ledoji fa? Sai a zura igiya a cikin guguwar ruwan. Shara ta yi ta nannaɗe ta, tana kauri, ana jan ta waje sannu-sannu, wata irin jela mai kaurin cinyar mutum da ba ta ƙarewa. Tawada kuma da kumfa ake cire ta: a hura iska, ƙwayoyin tawada su manne wa kumfar su taso sama, a kwalfe. Sili ɗaya kan jure wannan zagaye sau 5 zuwa 7, bisa ƙiyasin da aka saba yi, kafin ya gajarce ya bi ruwa.

Kun san ƙullun da ke isa injin shimfiɗa takarda kashi 99 cikin ɗari ruwa ne? Sili kashi ɗaya, ko ƙasa da haka! A fesa shi a kan rariya mai gudu, faɗinta mita 10. Injinan da suka fi sauri na kai mita 2,000 a minti, wato kilomita 120 a awa. Daga ruwa zuwa busasshiyar takarda, minti ɗaya bai cika ba.

Ba itace kaɗai ba fa. A jihar Tamil Nadu ta Indiya, tuƙar rake ce ke zama takardar rubutu, bayan inji ya kakkaɓe totuwar da ke ciki. A Sin da Indiya ana dafa gora da karan alkama. Sai dai kara na da mugun hali: yana ɗauke da silika, sinadarin yashi, mai toshe tukwanen ƙafe baƙin ruwa. Ingila ta ƙarni na 19 har ciyawa ta riƙa saya jirgi-jirgi daga Spain da Aljeriya da Tarabulus, wata mai suna esparto. Dalar Amurka? Auduga kashi 75, lilin kashi 25, kuma kamfanin Crane ke yin takardar tun 1879. Shi ya sa ba ta dagargajewa in an wanke ta a aljihu. Jakar ganyen shayi? Galibi da zaren abaka, wata 'yar'uwar ayaba ta ƙasar Filifin. A Sri Lanka da Tailan kuwa, kashin giwa ake wankewa a dafa. Giwa ta riga ta yi niƙan!

Nijeriya fa? Ta gina manyan masana'antu uku: ta Jebba a bakin kogin Kwara, wadda ta fara aiki a 1969, da ta takardar jarida a Oku Iboku ta jihar Akwa Ibom, da ta Iwopin a jihar Ogun. Aka dasa musu dazuzzukan malaina. Amma silin malaina gajere ne, dogon silin da za a gauraya da shi sai an sayo daga waje da kuɗin waje. Kafin shekarar 2000 duk ukun sun tsaya cik.

Ga ta ƙarshe, ku riƙe ta da kyau. Wajen 1960, ma'aikatar gona ta Amurka ta gwada tsirrai fiye da 500 tana neman wanda zai iya maye gurbin itace a injin ƙullu. Wa ya yi fice? Rama! Ramar da ake kwaɗo da ganyenta, ake tufka igiya da ɓawonta. Cikin wata 4 zuwa 5 ta kai mita 3 ko 4. Ɓawonta na da dogon sili, wajen milimita biyu da rabi, cikinta kuma na da gajere, duka biyun a kara ɗaya. Danƙonta bai kai na itace yawa ba, saboda haka ba ta cin sinadari da wuta kamarsa. A 1977 jaridar Peoria Journal Star ta jihar Illinois ta fito a kan takardar rama, masu karatu suka karanta labaransu a kan abin da mu nan muke ci da ƙuli-ƙuli!